Amsar Baffa kan neman aure a gidan sarauta

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya ko digirinka da aikin injiniya za su hana dangin yarinyar nan, 'yar gidan hakimi, tono cewa kakanka maƙeri ne. Ba za su hana ba. Sai sun tono, don haka gara ka san yadda abin yake tafiya.

Mutanen da sun raba sana'a gida biyu: karda, wadda aka gada, da shigege, wadda mutum ya faɗa da kansa. Masu sarauta ne a sama, sai malamai da attajirai, sai manoma da masu sana'ar hannu, mahauta da maroƙa kuwa aka ajiye su can baya. Ƙira tana tsakiya, ba abin kunya ba ce, kowane gari na kirki da Sarkin Maƙeransa. Fatauci ya daɗe yana ɗaga talaka, Alhassan Dantata ma da goron Gwanja ya tashi. Sai boko ya zo, jam'iyyar NEPU ta fito a 1950 tana wayar da kan talakawa, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke jagoranta. Yau ɗan mahauci yakan zama kwamishina, hakimi ya je ofishinsa neman alfarma. Wurin aure ne kawai asali bai saki mutane ba.

Idan magabatanka suka kai gaisuwa, ba za a ba su amsa nan take ba. Za a tura dattijo, wata tsohuwa kuma ta bi ta ɓangaren mata, kuma ba inda kake haya a Abuja za su je ba, unguwar da aka haifi mahaifinka za su nufa. Mai unguwa, liman da tsoffin maƙwabta ake tambaya: su wa suka haife shi, akwai taɓin hankali ko farfaɗiya a dangi, an taɓa kama wani da sata, mazan gidan suna riƙe mata ko masu saurin saki ne. A ganina wannan ta ƙarshen ta fi batun maƙera nauyi a wurin uwar yarinya.

Inda samari suke ɓata lamarinsu shi ne ɓoyewa. Ka ce kakanka ɗan kasuwa ne, tsohuwa ta je ta tarar da uwar maƙera da zugazugi a zaure, shi ke nan ka zama maƙaryaci, kuma ƙarya ba ta gyaruwa a wurinsu. Kada kuma ka tura abokan ofis. Baffanni biyu da limamin unguwa sun isa, da goro da alewa. Kuɗin gaisuwa a yi daidai da na al'adar garin. In ka zuba da yawa, gidan sarauta za su ce sabon kuɗi ne ya zo sayen 'yarsu.

A fiƙihun Malikiyya abin dubawa wajen dacewar miji shi ne addini da kuɓuta daga aibi, sana'ar kaka ba ta ciki, kuma hakimi ya san haka. Shi ya sa in za su ƙi ba za su ambaci ƙira ba. Cewa za a yi "za mu yi shawara", sai ka ji shiru, ko a ce an riga an yi mata miji a dangi. In wata guda ya wuce ba labari, a nemi malamin da hakimin yake jin nauyinsa ya je ya gan shi, sau ɗaya tak, kuma kada yarinyar ta sa baki kafin malamin ya dawo.