Ku Tambaya Mu Amsa: Tsakanin masu karatu da masu sharhi, wa ke da gaskiya kan littafin zoben Tolkien?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni uku na ware don duk kan littafi ɗaya suka faɗo, wato The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, dogon labarin nan na zobe mai tsafi da yaƙe-yaƙe da halittu iri-iri. Sauran da suka aiko ku yi haƙuri, saƙonninku na nan a ajiye, za mu zo kansu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a ina karanta adabin Turanci. Hutun da ya wuce na karanta littafin nan kaf, wallahi sai da na yi kuka a ƙarshe, amma da na ce zan yi aikin kammala digirina a kansa sai wani da ke gaba da mu ya ce wai ba adabi ba ne, tatsuniyar yara ce, manyan masu sharhi ma tuni suka yi watsi da shi. To ni kaina ya ɗaure, ya za a yi littafin da miliyoyin mutane ke so a ce ba shi da daraja? Ko dai ni ce ban iya karatu ba? (Ƙanwarka daga Kaduna)

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki, karatunki lafiya lau yake. Wannan rigimar da kika faɗa cikinta ta girme ki, ta girme ni, tun ranar da littafin ya fito ake yinta. An buga shi ne a Ingila kashi uku tsakanin 1954 da 1955, kuma ba don marubucin ya so a raba ba, tsadar takarda ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta sa kamfanin Allen & Unwin ya ga ba zai iya fitar da shafi sama da 1000 a dunƙule ba. Shi kuwa Tolkien farfesa ne a Oxford, masanin tsohon Turanci, tun 1937 ya fara rubutun bai gama ba sai wajen 1949.

Wanda ya faɗa miki an yi watsi da shi rabin magana ya faɗa. E, an soke shi, suka kuma ba ta wasa ba. Edmund Wilson, wanda a lokacin in ana lissafa manyan masu sharhi na Amurka da shi ake farawa, ya rubuta a mujallar The Nation a 1956 cewa shirmen yara ne kawai, har ya ce ya karanta wa 'yarsa mai shekara 7 littafin gaba ɗaya kuma bai ga abin da ya fi ƙarfin tunaninta a ciki ba. Edwin Muir ma a jaridar Observer ya ce jaruman labarin duk samari ne da suka yi shigar manya. Sannan a 1961 da abokinsa marubuci C.S. Lewis ya miƙa sunan Tolkien don kyautar Nobel, ɗan kwamitin Anders Österling ya rubuta cewa salon rubutun bai kai matakin gwanintar ba da labari ba, aka ba Ivo Andrić na Yugoslabiya kyautar, wannan maganar ma ba a san ta ba sai 2012 da aka buɗe takardun bayan shekara 50.

Amma me ya hana shi faɗa miki ɗaya rabin? W.H. Auden, ɗaya daga manyan mawaƙan Turanci na ƙarnin, a New York Times ya yabe shi yabo mai ƙarfi, shi ne ma ya lura cewa ba ka samun mai matsakaicin ra'ayi kan littafin nan, ko dai mutum ya ce gagarumin aiki ne ko ya ce ba ya iya jure shi sam. Kin ga kenan tun farko ba a taɓa samun masu sharhi gefe guda masu karatu gefe guda ba, su kansu masu sharhin kansu a rabe yake.

Su masu karatu kuwa ba su jira izinin kowa ba. A 1965 wani kamfani a Amurka mai suna Ace Books ya buga shi da arha ba tare da yardar marubucin ba, aka yi ta cece-kuce, daga baya Ballantine ta fito da halastaccen bugu, ɗaliban jami'o'in Amurka suka yi masa caa. A 1997 kantin littattafai na Waterstone's da tashar Channel 4 suka tambayi mutane kusan 25,000 wane ne littafin ƙarni, shi ya zo na ɗaya, wasu manazarta irin su Germaine Greer ransu ya ɓaci ƙwarai da sakamakon. A 2003 BBC ta sake irin wannan ƙuri'ar ya sake cinyewa.

To yanzu ga ra'ayina, tunda shi kika tambaya. Yawan masoya ba hujja ba ce, nan na yarda da masu suka, don akwai littattafan da aka yi rububinsu yau ko sunansu ba a tunawa. Amma zargin nan na cewa labarin yara ne, nagari ya yi nasara mugu ya faɗi a tafa, wallahi duk wanda ya faɗi haka bai tsaya kan ƙarshen labarin ba. Ki tuna abin da ya faru a bakin ramin wutar dutsen nan. Frodo, wanda aka ɗora wa ɗaukar zoben, ya sha baƙar wahala ya kai zoben har inda za a hallaka shi, yana tsaye zoben na hannunsa, sai ya kasa. Ya ce ba zai jefa ba, nasa ne, ya zura a yatsa. Jarumin labari fa kenan! Abin da ya ceci duniya shi ne Gollum, ƙasƙantaccen nan da Bilbo, dattijon da ya riƙi Frodo, ya samu damar kashewa ya ƙyale, Frodo ma ya tausaya masa ya ƙyale, shi ya cije yatsan ya ƙwace zoben ya zame ya faɗa wutar da shi. Wato tausayin da aka yi shekaru da yawa baya, lokacin da ake ganin wauta ce, shi ya biya, ba ƙarfin jarumi ba. Sannan Frodo ya koma gida ya tarar an lalata garinsu an sassare bishiyoyi, aka gyara, kowa ya koma harkarsa, shi kaɗai ya kasa warkewa, duk shekara ciwon na tashi har dai ya bar ƙasar baki ɗaya. Wace tatsuniyar yara ce ke ƙarewa haka?

Kuma in kika san tarihin mutumin ba za ki yi mamaki ba. Ya je filin yaƙin Somme a Faransa a 1916, da kansa ya rubuta a gabatarwar bugu na biyu cewa zuwa 1918 duk aminansa na kusa sun mutu in ban da mutum ɗaya. Fadamar nan da Frodo da hadiminsa Sam suka ratsa suna ganin fuskokin matattu a ƙarƙashin ruwa, shi ya ce tana da alaƙa da abin da ya gani a arewacin Faransa bayan yaƙin. Ni kaina kwafin da na fara karantawa gwanjo ne na saya a shimfiɗar masu littattafai a gefen titi, bangon ya yage an liƙe da salatif, kuma na isa wurin da Sam ya ga ubangidansa ya kasa tafiya ya goya shi a baya ya hau dutsen da shi ne cikin dare an ɗauke wuta ina haskawa da tocila, na rufe littafin na daɗe zaune ban iya ci gaba ba. Don haka kukanki ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Mu ma ai mun san irin wannan a gida. Shekarun 1990 da littattafan soyayya na Hausa suka cika kasuwa wasu manazarta suka laƙaba musu adabin kasuwar Kano, mata da matasa kuwa na ta saye suna karɓar haya, yau ga shi ana rubuta digiri har na uku a kansu. Ki je ki samu malamin da zai duba aikinki da tsari a rubuce, ki nemi littafin Tom Shippey na 2000 da ya rubuta musamman don amsa masu sukar nan, ki kuma karanta sharhin Wilson ɗin da idonki, kar ki tsaya ga ji-ta-ji-ta. Rigimar ita kanta ma ta isa batun digiri.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya abin da ya dame ni daban ne. Na lura mutanen kirki a labarin duk farare ne daga yamma, su kuwa mayaƙan da ke taimakon mugun baƙaƙe ne daga kudu da gabas har da giwaye. Mata kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ni a matsayina na baƙar fata ya zan so irin wannan? (Mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Ɗan'uwa idonka bai yi maka ƙarya ba, kuma ba zan tsaya ina kare abin da ba shi da abin kariya ba. Haka abin yake a littafin, mutanen Harad masu duhun fata suna ɓangaren Sauron, mugun da ya ƙera zoben, kuma akwai wasiƙar da Tolkien ya rubuta a 1958 inda ya kwatanta kamannin Orcs, dodannin da ke yi wa mugun yaƙi, da na mutanen Mongol ta hanyar da ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Mutum ne da aka haifa a 1892 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ya tashi a Ingila lokacin da take mulkin babban yanki na duniya, tunanin zamaninsa ya bi shi cikin alƙalami. Wannan sukar ta fi ta Wilson nauyi nesa ba kusa ba, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne masoyan littafin da yawa in ka tayar da ita sai su hau ka da faɗa maimakon su saurara.

Sai dai akwai abu biyu da adalci ya sa in ajiye maka a gefe. A 1938 wani kamfanin Jamus da ke son fassara The Hobbit, littafinsa na yara da ya riga wannan fitowa, ya aiko yana tambaya ko shi tsantsar jinin Aryan ne, ya rubuta amsa mai zafi yana cewa abin takaici ne ma da ba shi da kakanni Yahudawa. Na biyu yana cikin littafin kansa, wurin da wani sojan kudu ya faɗo matacce kusa da Sam, kibau a wuyansa, gashinsa da aka kitsa da zinariya ya jiƙe da jini, Sam ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunansa, daga ina ya fito, shin da gaske mugu ne ko ƙarya da barazana aka yi masa aka raba shi da gida, kuma ko bai fi son a bar shi can cikin kwanciyar hankali ba. 'Yan layuka ne kawai, ba su wanke sauran ba, amma duk sanda na karanta sai na tuna 'yan Afirka, har da namu Hausawa, da aka kwasa zuwa Bama yaƙin da ba nasu ba.

Maganar mata kuwa gaskiyarka, tawagar mutum 9 da ta fita da zoben babu mace ko ɗaya. Akwai Galadriel da aka miƙa wa zoben ta ƙi karɓa, akwai Éowyn da ta yi shigar maza ta je fagen fama ta kashe shugaban mahayan nan masu baƙaƙen kaya da aka ce namiji ba zai iya kashe shi ba, amma dai sun yi kaɗan. In ka karanta ka ji ba za ka iya so ba, ba wanda zai ce ka yi laifi. Ni ina son sa kuma wuraren nan na ci min rai, duka biyun ina ɗauke da su.

TAMBAYA: Malam na kalli fina-finan sun burge ni, sai na sayi littafin, yau wata biyu ban wuce shafi 90 ba, walima ce kawai da waƙe-waƙe da tafiya cikin daji. In haƙura ne? (Wani ɗan kasuwa daga Jos)

AMSA: Alhaji ba kai kaɗai ba ne, ko cikin masoyansa na gani-kashe-ni da yawa sun yarda farkon yana da jan ƙafa. A fim ɗin Peter Jackson na 2001 kamar kwana kaɗan ne tsakanin walimar Bilbo ta cika shekara 111 da fitar Frodo, a littafi kuwa shekara 17 ce, ga kuma Tom Bombadil mai yawan waƙa da fim ɗin ya cire shi gaba ɗaya. Dalili shi ne Tolkien ya fara ne da niyyar ci gaban littafinsa na yara The Hobbit, sai labarin ya yi ta girma a hannunsa yana ƙara duhu.

Shawarata, tsallake doguwar gabatarwar nan kan tarihin hobbit, wato gajerun mutanen nan irin su Frodo, da tabarsu, in waƙa ta gundure ka wuce ta ba komai, ka daure har su isa masaukin garin Bree inda za su haɗu da wani mutum zaune a lungu ya ja hula ya rufe fuska yana zuƙar lofe. Daga nan ka ba shi zuwa ramukan Moria. In an fito daga Moria ba ka ji komai a ƙirjinka ba to ka ba wani ƙaninka kyauta, amma ka aiko min saƙo ko ta yaya ta kaya, ina son in ji.