Hukuncin Sayar Da Zaren Kaɗi Ta Intanet Da Karɓar Kuɗi Kafin A Kaɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na koyi kaɗi a wurin kakata, ina yi don sha'awa. Da na fara ɗora hoton zaren a WhatsApp da Instagram sai masu saƙa suka fara nema. Wasu kan turo kuɗi kafin in kaɗa, in aiki ya yi yawa kuma nakan karɓo na maƙwabciyata in cika. Wani ya ce min haramun ne, wai ina sayar da abin da ba ni da shi. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'ar albarka, 'yar'uwa. Kaɗi halal ne, kuɗinsa kuma naki ne.

Wanda ya haramta miki ya ɗauko hadisin Hakim bin Hizam na hana sayar da abin da ba ya hannunka, ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba. Hanin yana kan mutum ya sayar da wani kaya takamaimai da bai mallaka ba, bai kuma san ko zai same shi ba. Shi kuwa karɓar kuɗi da ɗaukar nauyin kawo kaya daga baya bisa siffa, wato salam, Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yi a kan dabino, bai hana su ba. Sharaɗi ya sa musu: sanannen mudu, sanannen nauyi, sanannen lokaci. Shehu Halilu mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya ma ya halatta saye daga mai sana'ar da kullum yana kan aikinsa, kamar mai gasa gurasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da halaccin ba mai sana'a aikin haɗa kaya, ko a biya nan take ko a jinkirta. Idan kuma rashin gani ne hujjarsa, gaskiya ne Imamu Shafi'i ya hana sayar da abin da ba a gani ba, amma Risala da muke karantawa a zaure ta ce babu laifi a sayar da abin da ba ya nan bisa siffa.

Inda hankalina ya tsaya shi ne zaren maƙwabciyarki. Hannu da hannu ba ɗaya ba ne a mazari. Wata murzarta ta fi ƙarfi, wata zarenta yana da ƙulli-ƙulli, wata ba ta shiɓe audugar da kyau. Idan mai saye ya nemi zare mai siffa kaza ba tare da ya damu da wa ya kaɗa ba, ki cika da nata matuƙar ya dace da siffar. Idan kuwa don hannunki ya biya, ko kin rubuta cewa ke kika kaɗa, to sai da saninsa. Zaren inji a cikin ƙunshi da sunan na hannu kuwa algus ne.

Don haka ki riƙa rubutawa: abawa ne ko siriri, giram nawa, fari ne ko rinanne, ranar da za ki aika, da wanda zai ɗauki asara in kaya ya ɓace a mota. Ki auna shi a bushe, domin zare mai danshi ya fi nauyi. Hoton kuma ki ɗauka da hasken rana, kada ki gyara kala har shuni ya fi yadda ya fito daga marina.

Kuɗin da aka turo bashi ne a wuyanki har ki sallami mai shi. Ina ba ki shawara kada ki karɓi aikin da ya fi ƙarfin hannunki, kaɗi ba ya son gaggawa. Ki duba asusunki da kanki kafin ki saki kaya, saboda masu alat na ƙarya. Zare za ki nuna, babu buƙatar fuskarki. Namijin da ya bar maganar ciniki ya koma gaisuwar dare, ki rufe shi. In kina da aure, maigida ya san abin da ake ciki. Maƙwabciyar kuma ki biya ta da wuri, a kan farashin da kuka yi yarjejeniya tun farko.

Allah ne mafi sani.