Bayan guguwa: daga ina ake fara duba ɓarna?

Tambaya: Malam, guguwa ta yaye mana kwanon rufi, ta kwantar da dawa. Yaya zan auna ɓarnar? Manomi daga Mai Wurno, jihar Sinnar, ƙasar Sudan.

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Kada ka shiga ɗaki tukuna, zagaya ta waje. In bangon ƙasa ya tsage daga kusurwa har yatsa na shiga, ya motsa ke nan, a tokare shi. Duba katakon rufi inda ƙusa ta fizge, nan yake darewa.

A gona, zaɓi wurare biyar, ka ƙirga kara 100 a kowanne, ka ga nawa suka kwanta, nawa suka karye. Dawar da ta kwanta saiwarta na ƙasa, muddin ba ta fitar da kai ba, takan miƙe cikin 'yan kwanaki. Wadda ta karye a gaɓa, sa ta cikin asara. Ɗauki hoto kafin ka fara gyara.