Ragowar kunun zaki zai kama madara?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ragowar kunun zakin da ya yi tsami zai kama miki madara ta zama kindirmo. Gaskiya ban ba ki shawara ba. Ƙwayoyin da ke tsamar da gero gauraye suke, har da yis a ciki, shi kuwa yis sukari yake ci ya fitar da iska da barasa. A madara sai ki ga kumfa, ruwa ya ware, ga ɗan wari. Kindirmo da kindirmo ake kama shi: ki tafasa madarar, ki bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, ki zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, ki rufe ƙwaryar ta kwana.

Aron tsami tsakanin gero da dawa kam ba laifi, ruwan tsamin koko yana tayar da ƙullun kunu da wuri. Sai dai zafin Sakkwato a Afrilu yakan haura digiri 40. Kunun da aka sa wa sukari ya kwana biyu a waje, kika buɗe jarka ta huro iska, don Allah ki zubar, kada ki ɗebi tsami daga cikinsa. Ƙwaryar nono kuma ki ware ta daban.