Mene Ne Amfanin Mujallun Bincike Ga Mai Ɗab'i Da Ɗaukar Hoto?

Tambaya: Ni mai sana'ar ɗab'i ne, ina buga kalanda da katin biki, ina kuma ɗaukar hoto. Ɗana da ke Jami'ar Bayero ya matsa mini in riƙa karanta mujallun binciken wannan sana'a, alhali ni a gaban maigida na koya. Shin suna da wani amfani a gare ni? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Malam, ɗanka yana da gaskiya, domin ita kanta sana'ar ɗaukar hoto a shafukan irin waɗannan mujallu ta girma. A shekarar 1851 wani Baturen Ingila, Frederick Scott Archer, ya wallafa hanyarsa ta ɗaukar hoto a kan jiƙaƙƙen gilashi a mujallar The Chemist, bai kuma yi mata rajistar mallaka ba, sai kowa ya ɗauka kyauta. Wahalarta ita ce dole a shafa wa gilashin maganin da ke kama hoto, a ɗauki hoton, a wanke shi kafin gilashin ya bushe. A 1871 likita Richard Maddox ya bayyana yadda za a yi busasshen farantin gilashi na ɗaukar hoto da jelatin (wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi) a British Journal of Photography, wasu suka karanta, suka gwada, suka inganta, har kamfanoni suka fara sayar da shi a shirye.

Abin da ya bambanta rahoton bincike da bidiyon intanet shi ne, mai binciken yana faɗin awon da ya yi da kayan da ya yi amfani da su, kuma a mujallun yau, kamar Journal of Imaging Science and Technology, sai masana sun tantance aikin kafin a buga.

Ka dubi abin da hunturu ke yi maka. Iska ta bushe, gefen takarda ya nannaɗe, takardu su manne da juna a cikin inji, launuka su ƙi hawa daidai. Ba laifin injin ba ne: takarda tana shan laima tana kuma fitar da ita, shi ya sa masu bincike ke ba da shawarar laimar ɗakin ɗab'i ta kasance wajen kashi 50 cikin 100, kuma a bar takarda a naɗe ta kwana a ɗakin kafin a buɗe ta.

Turancin waɗannan mujallu yana da nauyi, wasu kuma sai an biya. Saboda haka ka sa yaron ya nemo maka su ta ɗakin karatun jami'a, ya fara da abin da ya shafi takarda da tawada, ya fassara maka, kai kuma ka gwada a kan injinka kana rubuta sakamakon damina daban, na hunturu daban.