Bindigata Lee-Enfield ta 1917 tana ɗauke da hatimin DP, zan iya harba ta?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina tara tsofaffin bindigogin soja, kuma ina da lasisina. Kwanan nan na samu Lee-Enfield. A kan zoben ƙarfen da ke haɗa ƙota da gangar jiki akwai kambin sarauta, da G.R., da BSA Co., da 1917, sai III da tauraro a gefe. Amma a saman gangar jikin an buga DP, kuma lambar sakatar ba ta zo ɗaya da ta bindigar ba. Wani da ake yi wa kallon gwani ya ce tunda harsashi ya shiga kuma sakata ta rufe, lafiyarta ƙalau, in ina tsoro in ɗaure ta a jikin taya in ja kunama da igiya sau ɗaya. Hankalina bai kwanta ba, domin ɗana ne ya matsa yana so ya fara harbawa.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka harba ta, kada kuma ka miƙa wa yaron. Gara da hankalinka ya ƙi kwanciya.

Abin da ke hannunka SMLE ce, wato gajeriyar Lee-Enfield ta sojan Birtaniya, samfurin Mk III mai tauraro, ƙirar kamfanin BSA na Birmingham, a zamanin Sarki George na Biyar. Tauraron yana nuna samfurin da aka sauƙaƙa tun wajen 1916, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi, aka cire wasu sassa don aiki ya yi sauri. Hatimin DP kuwa hukuncin masu duba makaman soja ne: an fitar da bindigar daga sahun masu harbi, an bar ta don fareti da koya wa kurata riƙo. Sau da yawa har farin fenti ake zagaya wa katakonta don kowa ya gani daga nesa. Hatimin ba ya faɗin dalili. Wata bututunta ne ya cinye, wata gangar jikin ce ta miƙe ko ta tsage, wata kuma an harhaɗa ta ne da sassan da aka riga aka yar. Mutumin da ya buga haruffan nan yana da ma'aunai a gabansa kuma aikinsa ke nan kullum, mu kuwa ido kawai gare mu.

Sakatar da lambarta ta saɓa ita ma ba ƙaramar magana ba ce. A Lee-Enfield haƙoran da ke kulle sakata suna can baya, kuma a masana'anta ake daidaita kowace sakata da gangar jikinta don haƙoran biyu su raba nauyin tare. In aka ɗauko ta wata bindiga aka zura, tana iya rufewa sumul alhali haƙori ɗaya ne ke ɗauke da komai. Sannan tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da bakin ɗakin harsashi, a ƙa'idar sojan Birtaniya, daga inci 0.064 ne zuwa 0.074. Kashi goma cikin dubu na inci ke nan tsakanin farko da ƙarshe. Wane yatsa ne zai ji wannan?

Yanzu ga maganar gwanin naka, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni: wai in harsashi ya shiga, sakata ta rufe, shi ke nan. Shigar harsashi ba ta nuna komai sai cewa ramin ya fi harsashin faɗi. Ba ta faɗa maka irin ƙarfen, ko yadda aka gasa shi, ko abin da tsatsar shekara ɗari ta yi masa a ƙarƙashin katako. Duba bindigogin da suka bi ta gidan gwaji na Birmingham kafin a sayar wa farar hula, za ka ga an buga BNP, hatimin cin gwajin gidan, da 18.5 TONS. Matsin tan goma sha takwas da rabi ke nan a kan kowane inci murabba'i, kuma yana tashi ne ɗan taƙi kaɗan daga idon mai harbi.

Tarihi cike yake da bindigogin da ke karɓar harsashin da zai fasa su. Bindigogin horo na Japan, waɗanda aka yi wa ɗaliban makarantu kafin 1945, kamarsu ɗaya da bindigar sojansu Arisaka samfurin 38, amma da yawansu da zubabben ƙarfe aka yi su, cikin bututun babu zanen da ke sa harsashi juyawa, don harsashin ƙara kawai. Harsashin gaske mai milimita 6.5 yana iya shiga ya zauna daram. Gewehr 88 ta Jamus an ƙera ta ne don harsashi mai kaurin inci 0.318, daga baya aka koma na S mai 0.323 da matsi mafi ƙarfi, kwanson kuwa kusan iri ɗaya. Shi ya sa ake neman harafin S a kan waɗanda aka gyara. Ga kuma kwaikwayon Martini-Henry da Enfield na maƙeran yankin Khyber da ke kan iyakar Pakistan da Afghanistan, masu ɗauke da tambarin Sarauniya Victoria da shekarar da ta wuce 1901, bayan ta riga ta rasu. Su ma sakatarsu rufewa take yi.

Gwajin taya da igiya shi ya fi ba ni haushi, domin yana kama da hankali. Ka harba sau ɗaya, ba ta fashe ba, me ka koya? Ka koyi cewa ba ta fashe a wannan karon ba. Tsaga a cikin ƙarfe tana ƙaruwa ne da kowane harbi, kuma mai yiwuwa gwajin naka ya ƙara mata tsawo. Dubi Springfield M1903 ta Amurka. Waɗanda lambarsu ta gaza 800,000 daga masana'antar Springfield, da waɗanda suka gaza 285,507 daga Rock Island, an gasa ƙarfensu ne ana auna zafin wuta da ido, sai wasu suka ƙone suka zama masu saurin karyewa. Duk sun tsallake gwajin masana'anta da harsashi mai ƙarfin da ya fi na kullum, wasu sun yi shekaru a hannun soja, sannan rana ɗaya gangar jikin ta tarwatse kamar tangaran. Sai a 1918 aka canza hanyar gashin. In gwajin masana'anta bai kama su ba, igiyar gwaninka ce za ta kama? Shi dai ya faɗi maganarsa ya tafi gida da idonsa biyu, wanda zai ɗora kunci a kan ƙotar ɗanka ne.

Akwai waɗanda suka fi shi muni, masu goge DP da zarto su shafa baƙi don bindiga ta yi kuɗi. Wannan ha'inci ne da zai iya makantar da mutum ko ya kai shi kabari, kuma mai yin sa ya san abin da yake yi. Duk lokacin da ka ga wani wuri ya lotsa ko ya yi santsi fiye da kewayensa a saman gangar jiki ko a gindin bututu, ka ajiye bindigar ka yi tambaya.

Taka bindigar ba ta yi asarar darajarta ba don ba za ta yi harbi ba. Kada ka sa mata takardar yashi, kada ka kankare fenti. Ɗan mai kaɗan a tsumma ya ishi ƙarfen. Ɗauki hoton kowane hatimi da haske daga gefe, ka rubuta inda yake: alamar kibiya ta mallakar gwamnatin Birtaniya, ƙananan tambarin masu dubawa, FTR in an taɓa yi mata babban gyara a masana'anta, da faifan tagulla a ƙota in yana nan, domin a kansa ake buga sunan runduna. Daga nan za ka iya bin sawun hannuwan da ta ratsa. Gidan adana makamai na Royal Armouries da ke Leeds yana riƙe da samfuran asali da ake kwatanta irin waɗannan da su.

Ka kuma bincika dokar ƙasarka, domin a wurare da yawa hatimin DP bai fitar da bindiga daga hukuncin makami mai aiki ba, lasisi da ajiya a kulle suna nan a kanka. In yaron yana son ya ji yadda Lee-Enfield ke harbi, ku nemi wadda lambobinta suka zo ɗaya, maƙerin bindiga mai lasisi ya auna ta da ma'aunai ya leƙa bututunta, sannan ku je filin harbi da tabarau na kariya. Wannan kuma ka cire mata sakata ka kulle ta daban, ka rataya wa bindigar takarda mai cewa ba ta harbi, don wanda zai gaje ta bayanka ya gani.