Habu, ga amsarka kan riyaktan kalsiyam

Ka tambaye ni me ya sa za mu jona wa tankin gilashin da Alhaji ke kiwon murjani wannan tukunya mai silindar gas, wato riyaktan kalsiyam, alhali muna da garin kalsiyam da muke zubawa da hannu. Ka kuma ce tunda tsakuwar cikinta tana da tsada, daga Legas ake aiko mana ita har Gombe, me zai hana mu farfasa farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka. Tambayar mai son koyo ce, to saurara da kyau.

Murjani mai tauri dabba ne mai rai, kuma kullum cikin gina ƙashinsa yake da kalsiyam da kabonet ɗin da yake zuƙa daga ruwa. A teku abin ba ya ƙarewa. A cikin gilashi kuwa, duk abin da ya ci sai mu muka mayar. Muna son kalsiyam ya zauna tsakanin 400 da 450 ppm (wato kashi cikin miliyan), KH, wato ma'aunin yawan kabonet ɗin ruwa, tsakanin 7 da 9, magneziyam wajen 1,300. Ƙaramin tanki mai murjani kaɗan, hannu ya wadatar. Amma na Alhaji ya cika, rassa sai tohowa suke, kuma zubi ɗaya a rana yana sa KH ya hau da safe ya sauka da dare. Wannan hawa da saukar ce ke sa ka ga naman murjani yana saɓulewa daga gindi, farin ƙashi ya fito.

Riyakta mayar da aikin murjani baya yake yi. Tsakuwar da ke ciki, aragonit, akasari tsohon ƙashin murjani ne da aka farfasa. Gas ɗin CO2 ya shiga, ruwan tukunyar ya yi tsami, tsakuwar ta riƙa narkewa, ruwan ya koma tanki ɗigo-ɗigo kamar ƙarin ruwa a asibiti. Yana fitowa da kalsiyam da kabonet daidai gwargwadon yadda murjani ke cin su, wato kusan 20 ppm na kalsiyam ga kowane 2.8 na KH. Riƙe wannan sosai: tunda tare yake bayar da su, ba zai gyara ruwan da ya riga ya karkace ba. In kalsiyam yana ƙasa KH yana sama, sai ka fara daidaitawa da hannu, sannan riyakta ya riƙe maka shi a nan.

Dutsen Ashaka kuwa, bar shi ga masu siminti. Gaskiya ne shi ma kalsiyam kabonet ne, amma irin wannan dutse ya fi aragonit wuyar narkewa, kuma ba mu san yawan laka da ƙarfe da fosfet ɗin da ke jikinsa ba. Duk abin da ya narke a tukunyar nan, cikin tanki zai ƙare.

Haɗin ba wuya. A wanke tsakuwa har ruwan ya daina fari. Daga silinda sai regileta mai rage ƙarfin gas, sai solinoyid, wato bawul mai buɗewa da rufewa da lantarki, sai kwalbar ƙirga kumfa, sai bawul mai hana ruwa komawa baya, sannan tukunya. Kada ka manta da bawul ɗin nan, ruwan gishiri in ya shiga regileta ya gama da ita. Cika tukunya da ruwan tanki, kunna famfon zagaye, ka bar shi kwana guda ba gas, don iska ta fita ka kuma ga inda ke yoyo. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa (ƙaramar lamba, ƙarin tsami), a saita shi da ruwan gwaji na 7 da na 4 kafin a soka shi a tukunya.

Saiti shi ne sana'ar, kuma nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Abu biyu kake da su: yawan gas da yawan ɗigo. Fara da kumfa ɗaya kowane 'yan daƙiƙoƙi, ɗigo a hankali, pH na cikin tukunya wajen 6.8, ka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan zuwa wajen 6.5. In ka zarce ƙasa sosai, tsakuwar za ta ruɓe ta zama laka ta toshe komai. Ruwan da ke fitowa in ka auna, KH ɗinsa ya kamata ya haura 20. Amma alƙalin gaskiya shi ne KH na tanki. Auna shi kullum a lokaci ɗaya, ka ce bayan la'asar, ka rubuta a littafi. In yana sauka, ƙara ɗigo kaɗan. In yana hawa, rage. Taɓa abu ɗaya, ka cire hannu kwana biyu ko uku ka ga abin da ruwan zai ce. Wanda ya murɗa gas da ɗigo rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Sai maganar wuta, wadda ta fi damuna a garin nan. Solinoyid rufe gas yake da zarar an ɗauke wuta, amma sai in layinsa ɗaya da famfo. In ka sa shi a inbata ka bar famfo a layin NEPA, famfo zai tsaya gas ya ci gaba da shiga, tukunya ta cika da iska, in wuta ta dawo ta tura wa murjani ruwa mai mugun tsami. Soket ɗaya za su sha, su mutu tare su tashi tare.

Ka riƙa duba pH na tanki da asuba, lokacin ya fi sauka. Falon Alhaji a rufe yake da AC, numfashin mutane ma CO2 ne, ga namu. In pH ɗin ya faɗi ƙasa da 7.8, mayar da ɗigon kusa da bakin sikima, wato na'urar da ke cire dattin ruwa da kumfa, ko mu ƙara tukunya ta biyu mai tsakuwa zalla wadda za ta shanye ragowar gas ɗin.

Silinda kuma a tsaye, a ɗaure da bango, nesa da rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin zafi na ƙara ƙarfin matsin da ke ciki. CO2 zalla za ka ce a cika maka, ba iskar oksijin ta masu walda ba, ba kuma wanda aka gauraya da iskar agon ba. Gas ɗin ruwa ne a ciki, shi ya sa allurar geji ba ta sauka sai ya kusa ƙarewa, kuma a daidai lokacin wasu regiletoci kan saki gas da yawa lokaci guda. Don haka gobe in ka ɗauko ta a cike, ɗora ta a sikeli, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinta, mu riƙa sake aunawa duk ƙarshen wata.